Sada Mai Hoto da Maɗaurin Hannu

Da wuya mutum ya shiga gida a ƙauyukan da ke tsakanin Kankiya da Kusada bai tarar da aikin Sada mai hoto ba, ko dai manne a bangon ɗaki, ko a ƙasan akwatin uwargida an naɗe shi cikin tsohon ɗankwali. Angwaye ne sanye da babbar riga, da jarirai ranar suna, da ɗalibai riƙe da allon zayyana. Sunansa ba ya jikin ko ɗaya daga cikinsu, domin bai taɓa yin hatimi ba. Mutane ne kawai suka san aikin wane ne.

An haife shi a Kunduru, gidan manoman dawa da gyaɗa. Ba a rubuta shekarar ba, amma mahaifiyarsa takan ce ta yaye shi kafin babban farin da ya ƙarar da shanu a farkon shekarun 1970, wanda ke nuna cewa ya daɗe da ba hamsin baya. Karatun boko bai kai shi nesa ba. Da ya gama firamare sai aka kai shi Kankiya wurin wani kawunsa mai gyaran keke, amma hankalinsa ya koma shagon da ke maƙwabtaka, inda wani mutumin Ogbomosho ke ɗaukar hoto yana wankewa a wani ɗan ɗaki mai duhu. A can ya koyi sana'ar. Lokacin da tsufa ya mayar da maigidan nasa garinsu, ya bar masa shagon da kyamara guda mai maratayin fata. Tun daga ranar, kyamara ba ta sauka daga wuyan Sada ba sai don salla, ko wanka, ko barci. Kyamarorin sun yi ta canzawa, daga masu fim zuwa masu kati, kowace da irin nauyinta, amma mazauninsu ɗaya ne.

Akwai dalilin da ya sa maratayin wuya ya dace da shi, kuma dalilin bai shafi hoto ba. Mai ɗaukar hoto a karkara, rabin aikinsa gaisuwa ce. Ba a shiga taro a ɗaga kyamara kafin a bi dattawa ɗaya bayan ɗaya, a durƙusa, a miƙa hannun dama, na hagu yana tallafe da shi. Ko ana tsakiyar aiki ne, in wani babba ya iso, sai a tsaya a gaishe shi. Sada yakan saki kyamarar kawai, ta faɗo ƙirjinsa ta tsaya, hannayensa biyu su tafi gaisuwa, in an gama su dawo su tarar da ita inda suka bar ta. Bai taɓa tsayawa ya yi tunani a kan wannan ba, kamar yadda mai tafiya ba ya tunanin ƙafarsa.

Daga cikin wuraren da ba ya fashi akwai makarantar Islamiyya ta Malam Zainul Abidin a Dudunni, cikin ƙasar Kusada. Malam ɗan gidan ilimi ne, yana noman gero da wake da damina, yana karantarwa rani da damina. Bai hana ɗalibansa hoto ranar sauka ba, domin ya ce iyaye suna da haƙƙin farin ciki, amma shi kansa bai yarda a ɗauke shi ba. Ko katin zaɓe bai taɓa yanka ba saboda wannan, aikin hajji kuwa Allah bai nufe shi da shi ba. Da zarar Sada ya jera ɗalibai ya ɗaga kyamara, sai Malam ya miƙe a hankali ya zagayo bayansa ya tsaya. Shi ya sa hotunan saukar Dudunni duk kamarsu ɗaya: ɗalibai a jere, a tsakiyarsu buzu shimfiɗe babu kowa a kai. Sada ya sha samun damar ɗaukarsa a sace, bai taɓa yi ba, kuma Malam ya lura da haka ko da yake ba su taɓa zancen ba.

Zuwan wayoyin hannu ya rage wa Sada aiki ƙwarai, amma bai raba shi da sana'ar ba, domin har yanzu akwai masu son hoton takarda da za su riƙe a hannu. Abin da ya girgiza shi daga jikinsa ya fito. Ciwo ne ya fara masa a ƙeya, ya gangaro kafaɗar dama, daga baya yatsunsa suka fara mutuwa, har yakan danna maɓallin ɗauka bai ji ya danna ba. Ya yi ɗauri, ya yi ƙaho, ya sha jiƙe-jiƙe. Da abin ya kwantar da shi, aka kai shi asibiti a Katsina, inda likita ya duba hoton ƙashin wuyansa ya ce ƙasusuwan sun matse jijiya, kuma daga yau kada ya sake rataya komai a wuya, ko da carbi ne mai nauyi. Matarsa Zuliha ta san halin mijinta. Ranar da suka dawo ta kwance maratayin daga jikin kyamarar, ta jefa shi can ƙasan kwallarta ta rufe.

Wani abokin sana'a ne ya nuna masa hoton maɗaurin hannu a waya: 'yar fata ce da ake ɗaura wa gefen kyamara, mutum ya zura hannunsa na dama, a ja ta ta kama bayan hannun, kyamara ta zama kamar tsiro ta yi daga tafinsa. Sada ya kai hoton wurin Auwalu baduku, abokinsa tun ƙuruciya, a rumfarsa ta kasuwar Kankiya.

“Na-Kunduru, yau kuma mi ya tsinke?” in ji Auwalu, bai ko ɗago daga takalmin da yake ɗinki ba.

“Ba abin da ya tsinke sai wuyana.”

“Ba a ɗinka wuya nan. Wuce gaba, layin mahauta.”

Sada ya miƙa masa wayar. Auwalu ya ƙura wa hoton ido, ya juya shi sama da ƙasa, sannan ya tuntsire da dariya.

“Wanga ai dabaibayi ne. Jaki ake yi ma shi a ƙafa, kai ka zo da kanka a yi maka a hannu. Kuma hannun dama! To da mi za ka gaida mutane? Da mi za ka amshi fura in an miƙo maka?”

“Sai in zare.”

“Ka zare ka aje ta ina, bisa kanka?”

“Kai dai ɗinka, tsohon banza. Surutunka ya fi zarenka tsawo.”

Auwalu ya ɗinka, kuma ya yi aiki mai kyau, da fatar akuya mai laushi da ƙaramin ƙarfen ɗauri. Wuyan Sada ya samu sauƙi, yatsunsa suka dawo hayyacinsu, hotunansa suka daina fitowa da hazo. Amma maganar badukun ba ta faɗi ƙasa ba. A wurin biki, in sa'o'insa suka miƙo hannu, sai ya ba su tsintsiyar hannu, irin yadda ake yi in hannun mutum ya jiƙe, su yi dariya su wuce. Babba kuwa ba a ba shi tsintsiyar hannu. Saboda haka ya kafa wa kansa ƙa'ida: kyamara na cikin jaka har sai ya gama gaida kowa, sannan ya ɗaura ta, kuma ya nemi gefe ya tsaya inda ba a cika ratsowa ba. Aikin ya zama na ɗari-ɗari. Ido ɗaya na kan abin ɗauka, ɗaya na kan hanya, yana fargabar kada wani dattijo ya ɓullo.

A ƙarshen daminar da ta biyo baya, lokacin da gero ya fara sunkuyar da kai, Ummulkhairi, babbar ɗiyar Malam Zainul Abidin, ta zo shagonsa. Tana aure a Kaduna, rashin lafiyar mahaifinta ne ya dawo da ita gida. Malam ya tsufa ƙwarai, ganinsa ya kusa ƙarewa, ƙafafunsa ba su ɗaukarsa sai an riƙe shi.

“Baba Sada, na shawo kan Malam,” in ji ta bayan sun gaisa. “Kwana da kwanaki ina roƙonshi. Inna ta rasu ina ƙarama, ba ta bar hoto ba. Wallahi yanzu in na rufe ido ina neman fuskarta, sai dai in ga zanenta da munduwarta. Ba ni son haka ta faru da ni a kan Malam.”

“Ya yarda? Malam da bakinshi?”

“Ya yarda, amma da sharaɗi. Ya ce kai kaɗai, kuma sau ɗaya, a wanke takarda ɗaya a ba ni, a goge sauran. Ya ce ba ya son fuskarshi tana yawo cikin aljihun mutane. Duk wanda ya ɗaga waya, ya fasa.”

Aka sa ranar Alhamis bayan la'asar. Sada ya san cewa a duk tsawon sana'arsa ba a taɓa ɗora masa amana irin wannan ba, kuma ba za a sake ba. Abin da ya dame shi a kwanakin da suka rage shi ne da me zai riƙe kyamarar. Maratayin wuya ne jikinsa ya sani. Da shi ba ya fargabar kowa, hannayensa nasa ne. Amma shi ne ke kashe masa yatsu. Maɗaurin hannu yana ba shi hoto mai kaifi, ya kuma ɗaure masa hannun da ake mutunci da shi, a gidan da ya fi kowane gida dattawa.

Da safiyar Alhamis ya tarar da Zuliha tana tankaɗe a tsakar gida.

“Ɗauko mani maratayin nan.”

“Wane maratayi, Baban Salma?”

“Kin san wanda nake nufi. Yini ɗaya ne kawai.”

“Wancan karon ma ai yini ɗaya ne ya kwantar da kai, har sai da aka ciccibe ka zuwa mota.”

“Gidan Malam za ni, Zuliha. Ba gidan biki ba.”

Ta dube shi, ta karkaɗe hannunta, ta shiga ɗaki ta ɗauko masa. Ya ɗaura, ya rataya, ya yi ta zagaya tsakar gida yana gwadawa a kan turmi da kaji da ƙofar zaure. Da farko ya ji kamar an dawo masa da wata gaɓa tasa. Kafin hantsi ya ɗaga sosai, zafin ya sauko daga ƙeya kamar an zura masa waya mai wuta, ɗan yatsansa ya yi nauyi, hotunan turmin suka fara fitowa da baki biyu. Ya zauna a bakin rijiya ya daɗe yana kallonsu. Tafiyar babur zuwa Dudunni ma tana gaba, ga gargada. In ya isa da mataccen hannu, kuma damar sau ɗaya ce, me zai ce wa Ummulkhairi? Da kansa ya kwance maratayin ya miƙa wa Zuliha, ya mayar da maɗaurin hannu. Babu wanda ya matsa masa, kuma duk wanda ya auna al'amarin da hankali, da abin da zai zaɓa ke nan.

Ya isa Dudunni da wuri don ya cika ƙa'idarsa. Kyamara na cikin jaka ya bi dattawan da ke zaure da ƙofar gida ya gaishe su kaf. Malam kaɗai ya rage, yana ciki ana shirya shi. Bayan an idar da la'asar, ɗansa Abdulmannan ya fito ya ja Sada gefe.

“Baba, jikin nashi ba ya jure zama. Da mun zaunar da shi ka ɗauka, mu maida shi ciki. Gaisuwa sai bayan an gama. Ka shirya tun yanzu.”

Aka shimfiɗa darduma a kan dakalin siminti da ke jikin zaure, inda hasken yamma ke faɗowa a gicciye. Sada ya zura hannunsa cikin maɗaurin, ya ja shi ya kama sosai, ya durƙusa a gaban dakalin, kusa, domin fuska ake so. Aka fito da Malam a hankali, mutum biyu na riƙe da shi, sanye da farar riga da rawanin da ya yi masa yawa saboda rama. Aka zaunar da shi. Ummulkhairi na tsaye daga cikin zaure, a bayan ƙyaure. Sada ya ɗaga kyamara ya sa ido, yana jira Malam ya daidaita numfashinsa ya ɗago kai.

Malam ya ɗago, amma ba don hoto ba. Ya juya fuskarsa dama da hagu, irin na wanda ke nema da kunne.

“Ina Sadan? Ban ji muryarshi ba.”

“Ga ni nan, Allah shi gafarta Malam.”

Sai Malam ya miƙo hannunsa wajen da muryar ta fito. Siririn hannu ne, ya tsaya a sarari yana jira, a gaban dattawan gari. Sada bai yanke wata shawara ba, domin babu shawarar da za a yanke. Ba a barin hannun malami a iska. Da hagu ya fizge ƙarfen ɗaurin, ya zare damansa, hannayensa biyu suka tafi gaba tare kamar yadda suka saba tun yana saurayi, suka saki kyamarar don ta faɗo ƙirjinsa ta tsaya. Babu abin da zai tsayar da ita. Ta bugi gefen dakalin da gilashinta, ta wuntsila ƙasa.

“Mi ya faɗi?” in ji Malam.

Sada ya ce, “Ba komi, Allah shi gafarta Malam.”

Malam ya riƙe hannunsa da nasa biyun, bai saki ba. Ya tambaye shi gajiyar hanya, ya tambayi iyali, ya tambayi wuyan da ya ji an ce yana damunsa, ya tambayi mutanen Kunduru da yadda gyaɗa ta yi bana, da ko ruwan ƙarshe ya sauka a wajensu. Sada yana amsawa, “Lafiya lau, alhamdu lillahi,” yana ganin kyamarar ta wutsiyar ido, kwance a gefen gwiwarsa, wani ɓallin baƙin roba ya yi tsalle can gaba. Malam ya yi masa doguwar addu'a, jama'a suka shafa. Sannan ya sake shi, ya gyara zama, ya ɗaga haɓa.

“To, bismilla. Ɗauka mu gani.”

Sada ya ɗauki kyamarar. Gilashin gaba ya tsage gida biyu, wuyan da ke riƙe da shi ya karkace. Ya kunna, ta yi wani ɗan gurnani ta mutu. Ya cire batir ya mayar, ya sake kunnawa. Hannunsa a lokacin lafiyarsa ƙalau, ko kaɗan ba ya rawa.

“Allah shi gafarta Malam, ita ce ta faɗi. Ta fashe.”

Abdulmannan ya sa hannu a aljihu. Daga bayan ƙyaure muryar Ummulkhairi ta fito: “Malam, don Allah, ko da wayar Abdulmannan ce. Baba Sada shi riƙe da hannunshi, shi wanke, a goge a gabanka.”

Sada ma ya ce zai samo aron wata a Katsina ya dawo gobe da sassafe.

Malam ya juya fuskarsa wajen ƙyauren. Ya ce, “Ummu, matso in gaya maki. Da kika roƙe ni, ban iya hana ki ba, kuma raina bai kwanta ba. Sai na yi istihara. Na ce in akwai alheri a ciki Allah shi tabbatar, in babu shi kawar da shi ta hanyar da ba zan ɓata maki ba. To ga shi. Ba a tambaya a ba ka amsa, ka ce a sake.” Ya juya wajen Sada. “Kai kuma kada ka sa ma ranka komi. Allah shi maida maka da wadda ta fi ta. Ku ɗaga ni.”

Aka ɗaga shi aka shiga da shi. Sada ya tsince ɓallin robar ya sa a jaka. Dattawa suka yi ta ba shi haƙuri a kan hasarar kyamara, yana amsawa da godiya, domin ba shi da yadda zai gaya musu cewa ba ita ce hasarar ba.

Malam Zainul Abidin ya rasu bayan an gama ɗaurin gero. Kyamarar ta gyaru a Kano, aka sa mata wani gilashi na hannu, amma Sada bai sake fita ƙauye da ita ba. Ya kafa ta a kan ƙarfe mai ƙafa uku a cikin shago, yana ɗaukar hoton fasfo na masu neman makaranta da masu cika takardun aiki.

Bayan sadakar arba'in, kafin ta koma Kaduna, Ummulkhairi ta sake biyowa ta shagon. Ba ta ambaci abin da ya faru ba. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da hotuna: na Abdulmannan, da na wani ƙanin Malam da ke Rimaye, da na babban ɗanta, wanda kowa ke cewa ya ɗebo kakansa.

“An ce yanzu ana haɗawa da kwamfuta,” in ji ta. “A ɗauki goshin wannan, da hancin wannan. Kai ka fi kowa sanin fuska, Baba.”

Sada ya jera hotunan a kan tebur. Ya rufe rabin fuskar ƙanin da tafin hannunsa, ya matso da na Abdulmannan kusa, ya ɗora na yaron a sama yadda idanun za su faɗo daidai. Ya sauya su, ya sake sauyawa. Ta sunkuyo tana kallo, ta daɗe.

“Goshin ne,” in ji ta. “Gemun ma kusan haka. Amma ba haka yake kallon mutum ba.”

“A'a,” in ji Sada. “Ba haka ba ne.”

Hotunan na nan baje a tsakaninsu. Can wani mutum ya yi sallama daga ƙofa, ya ce fasfo yake so, kuma sauri yake yi kada motar Katsina ta cika. Ummulkhairi ta tattara hotunanta ɗaya bayan ɗaya ta ƙulle a bakin mayafi. Sada ya miƙe ya gyara wa mutumin kujera a gaban farin ƙyalle, ya ce masa ya ɗaga haɓa kaɗan.